Rigar Ruwan Baba Nomau

Ku ɗan ja baya daga tukunyar nan tukuna, kar wani ya ƙone a ce Sale Tela ne ya jawo. Kai mai jar hula, kai ne ka ce aikin nan shafe-shafe ne kawai, ko? Na ji ka sarai. Idona ne ya fara ja da baya, kunnena yana nan daram. Wai a sami yadi, a narka kaki, a shafa, shi ke nan an yi rigar ruwa. To madalla. Da haka abin yake da kowace mai tuyar ƙosai a Tudun Wada ta buɗe shago kusa da nawa. Zauna a bencin nan ka ji. In na gama kana nan a kan bakanka, ga tukunya ga yadi.

Rigar da na fara sa wa hannu a Kiru ne, a zauren maigidana Malam Ubale, Allah ya jiƙansa. Shi asalinsa mai facin tamfol ɗin manyan motoci ne. A lokacin mutumin ƙauye in zai shiga ruwa sai ya yafa kabido na kaba, ya riƙa tafiya kamar bukka ta yi ƙafa. Malam Ubale ya ga kabido ba ya barin mutum ya yi aiki da hannu biyu, sai ya fara yanka yadin tanti yana ɗinka shi riga, yana shafe shi da kakin zuma. Na daɗe a wurinsa bai bar ni na taɓa almakashi ba. Aikina wankin kaki. Masu cire zuma daga wajen Doguwa su kawo shi da datti da matattun ƙudan zuma da sauran zuma a jiki, ni kuma in dafa shi da ruwa, in tace da tsumma, in bari ya daskare, in kankare gindinsa, in sake dafawa. Sai Malam Ubale ya gutsuri kaɗan ya tauna. In ya ji zaƙi ko ƙanƙani, sai ya nuna mini murhu da haɓa.

Akwai abokin koyona Isuhu da yake ganin wannan wankin wahalar banza ce. Ya faki idon maigida ya yi wa kansa riga da kakin da aka dafa sau ɗaya, ya saka ta ya tafi zance ƙauyen Ba'awa da yammacin wata Juma'a. Ruwa bai zo ba, rana ta buɗe, rigar ta ɗumama ta fara ƙamshi. Kafin ya gama gaisawa da iyayen yarinya ƙudan zuma sun gama gaisawa da shi. An ce da gudu ya ratsa gonar dawa yana kiciniyar cire maɓalli, rigar kuma sabuwa ce, ramin maɓallin bai saki ba. Da ya dawo ba mu gane shi ba sai da ya yi magana. Yarinyar dai wani ta aura.

Kayan aikin ba su da yawa, ga su nan kuna gani. Baƙin keken ɗinki mai ƙafa, don na lantarki ba ya huda yadin tanti ninki huɗu. Basilla da zare mai kauri na wuya da hammata. Tukunyar ƙarfe, muciya, dutsen guga na gawayi, da takardar buhun siminti da ake shimfiɗawa tsakanin dutse da yadi. Kaki a kan garwashi ake narka shi, ba a kan harshen wuta ba, in ya yi hayaƙi ya mutu. Ana sirka shi da man darbejiya don ya yi laushi, kar ya tsattsage in an lanƙwasa hannu. Man darbejiya kuma ɗaci gare shi, ɓera ba ya ci, gara ba ta ci, kare ma in ya lasa sau ɗaya ba ya ƙarawa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. Ɗinki ake fara yi kafin shafi, kuma kowane layin ɗinki sau biyu ake bin sa, don ruwa ba ta tsakiyar yadi yake shiga ba, ta ramin allura yake bi.

Sai gwaji. Wannan al'adar Malam Ubale ce, ni ma ban taɓa sallamar riga ba tare da ita ba. Mai riga zai sa farar singileti a ciki, ya ɗora rigar, ya tsaya a bakin shago. A cika bokiti da ruwa, a jiƙa bula irin ta wanki a ciki har ya yi shuɗi sosai, a hau benci a kwarara masa daga sama. In an buɗe, duk inda ruwa ya shiga zai bar tambari a jikin singileti, babu musu babu rantsuwa. Kuma ba tela ne ke zuba ruwan ba. Malam Ubale cewa yake wanda zai yi jinya in mai riga ya kwanta, shi ya kamata ya zuba, don shi kaɗai ne ba zai yi sassauci ba. Na ga matan aure sun huce haushin shekara a bakin shagon nan, da izinin miji kuma.

Masu sayen rigar ruwa iri-iri ne. Ɗan acaɓa yana son mai tsawo mai sheƙi, a hango shi daga nesa. Bafulatani makiyayi yana son mai faɗin kafaɗa, don ya saɓa sandarsa ya rataya hannuwa, zai kuma yi ta juya ta yana cewa "wooɗi, wooɗi", wato ta yi kyau, har rana ta karkata bai ce zai saya ba. Amma wanda ya fi kowa wuyar sha'ani shi ne mai karnuka, masu gadin gonakin masara a gindin duwatsun Doguwa da bakin dajin Falgore, inda birai ke saukowa da damina kamar an aika musu goron gayyata. Shi mai karnuka ba ya fakewa in hadari ya taso, don lokacin ne biri ya san gona ba kowa. Rigarsa kar ta wuce gwiwa, in ba haka ba igiya za ta naɗe ta. Bakin hannu ya zama mai ɗaurewa, saboda hannun da ke riƙe da igiya a ɗage yake, ruwa zai gangara ta nan har hammata. Kar ta yi ƙara, don ta leda tana sanar da biri zuwanka tun kana ƙofar gida. Sannan a zo da karnukan wurin awo su shinshina. Kare da hanci ya san maigidansa, in ka canza masa wari ka canza masa mutum. Wannan ya sa ba na shiri da Tanko mahauci maƙwabcina, don duk ranar da mai karnuka ya zo awo a tsaye yake yini da sanda.

Shekarar da ta fi kowace muni a sana'ar nan ita ce shekarar da zuma ta gudu. Manoma sun shiga feshin maganin ciyawa da na ƙwari ba ji ba gani, masu amya suka hau bishiya suka tarar ba kowa. Kaki ya ɓace, ɗan wanda ake samu kuma masu haɗa man shafawa daga Kano suna bin ƙauyuka suna kwashewa. A daidai lokacin rigunan leda suka cika kasuwa, masu hula, kala-kala, arha kamar a ba ka kyauta. Sai in yini ban taka keke ba. Na koma facin buhu da ɗinkin labulen shago. Don kar a rufe wurin gaba ɗaya na fito da wani haɗi na 'yan acaɓa, kyandir da kakide, wato kitsen saniya da nake karɓa wurin Tanko. Yana sheƙi, yana da laushi, yana riƙe ruwa damina guda, kuma duk wanda ya saya sai na gaya masa abin da ke ciki. Ta kakin zuma ta gaskiya guda ɗaya tak na iya yi a shekarar. Na rataye ta a can ƙurya, launinta kamar na tsohuwar tukunya, ba wanda ya ko taya.

A wannan daminar ce Baba Nomau ya zo. Dattijo ne daga Burumburum, dogo, siriri, mai farin gemu da taurin kai, ya yi gadin masara da karnuka tun ina yaro. Karnukansa uku a lokacin, Duna baƙi, Durwa ja, da wata fara sol da yake kira Alli. Bai zo da su ba, ya ce ba ya son rigimar Tanko. Bayan mun gaisa na tambayi gida da damina, sai ya gaya mini abin da ya kawo shi. Bara ruwa ya yi masa duka a gona, ciwon haƙarƙari ya kwantar da shi har aka fara kiran dangi. 'Yarsa Ladidi, wadda ke aure a Bebeji, ta bar gidanta da 'ya'yanta ta zo ta yi jinya har kaka. Da za ta koma ta tsaya a tsakar gida ta ce in ruwa ya sake dukansa sau ɗaya, za ta kira mai keji ya kwashe karnukan. Kun san masu keji, masu bin ƙauyuka da babur suna sayen karnuka su loda a mota a yi kudu da su. Karen da ya shiga kejin nan ba gadi za shi ba. Baba Nomau ya ce Ladidi halin uwarsa ta ɗauko, in ta faɗi abu ta gama.

Na sauko masa da ta ƙurya. Ya dube ta sama da ƙasa, ya taɓa ta da ɗan yatsa, ya ce shi riga ya zo saya ba buhun gawayi ba. A gaban mutane ya faɗa, masu shan shayi suka yi dariya, shi ma ya ji daɗin maganarsa ya sake maimaitawa. Sai idonsa ya sauka a kan wata baƙa mai sheƙi da na yi wa wani ɗan acaɓa bai zo ya karɓa ba. Ya saka, ya juya, ya gyara gemu, ya ce ka ga rigar manya.

"Baba, wannan ba ta mai karnuka ba ce," na ce masa. "Da kakide aka yi ta. Kitse ne zalla."

"Karnukana masu tarbiyya ne, Sale. Ko nama na ajiye ba sa taɓawa sai na ce bismillah."

Na yi magiya, na kawo misalai, har labarin Isuhu na ba shi. Ya ce Isuhu yaro ne. Gwajin bula ma ƙi ya yi, wai shi ba za a yi masa wanka a kasuwa ba da girmansa. Ya naɗe rigarsa a hammata ya hau mota.

Kasuwa biyu tsakani sai ga shi ya dawo, da wani abu a ƙunshe cikin buhu, yana tari yana ɓoyewa da gyaran murya. Ya zazzage buhun a kan teburina. Na ɗaga abin na duba, wuya yana nan, hannu ɗaya yana nan, daga ƙugu zuwa ƙasa kuwa kamar an yi wa tabarma kwanan akuya. Na ce Baba lafiya? Ya ce in ba shi ruwa tukuna.

Ashe ranar farko da ya saka ta, tun daga ƙofar gida karnukan suka ga maigidansu ya zama tsire. Duna ya kama lasar gwiwa, Durwa ta kama baya, Alli kuwa tsalle take tana neman kafaɗa. Ya daka tsawa, su ja baya taku biyu su dawo. Haka suka tafi har gona, shi yana juyi suna juyi, igiyoyi sun naɗe masa ƙafafu. Da suka isa ga birai nan cike da gona. Ya nuna su ya ce ku kama, ba wanda ya ko waiwaya. Ya ce wallahi wani ƙaton biri zama ya yi a kan kunya, ya ɓare masara yana ci yana kallonsu, kamar wanda ya biya kuɗin kallo.

Wannan duk mai sauƙi ne. Da ya koma gida matarsa Iya Kande ta ga rigar tana naso da yawun kare tun daga wuya har ƙasa. Ta ce rigar nan ba za ta shiga ɗakin da ake salla ba sai an wanke ta sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Ya ce ai malamai sun ce wannan hukuncin ƙwarya ne, ba na tufa ba. Ta ce malaman su zo su kwana da ita a ɗakinsu. Ta dafa ruwa, ta kawo sabulu da yashi, ta durƙusa a kanta da zuciya ɗaya. Ku kuwa kun san abin da ruwan zafi da sabulu ke yi wa rigar kaki, ko ba ku sani ba? Rigar kaki ba a wanke ta, da jiƙaƙƙen tsumma ake goge ta. Kafin wanki na bakwai ta koma yadi kamar kowane yadi. Ɗan kitsen da ya rage a lanƙwasar ƙasa kuma, da aka shanya ta a igiya, karnuka suka ƙarasa aikin.

Da mai hankali ne sai ya zauna a gida. Baba Nomau ya saka abin da ya saura ya fita, ruwa ya same shi a gona ya jiƙa shi sharkaf. Ya dawo yana rawar ɗari yana cewa zafi yake ji. Tari ya fara, yana shiga bayan rumbu yana yi, Iya Kande ta ji shi, ta sa aka buga wa Ladidi waya. Ladidi ta aiko cewa ranar kasuwa mai zuwa tana tafe, kuma ta riga ta yi magana da mai keji, a Tudun Wada za su haɗu.

Ya gama ba ni labari ina ta danne dariya har cikina ya ƙulle. Sai na ga shi ba dariya yake ba. Ya zauna yana murza hularsa a gwiwa.

"Sale, gonar ba tawa ba ce, masarar ba tawa ba ce. In an ɗauke karnukan nan, me zan tashi in yi da safe? Sa'o'ina duk sun tafi. Su kaɗai suka rage da in na yi magana suke saurare."

Tausayinsa ya kama ni, ba zan ɓoye muku ba. Na tashi na sake sauko da ta ƙurya. Ya kawar da kai, ya ce ko ruwa zai narkar da shi ba zai sa rigar da ya kira buhun gawayi a gaban jama'a ba, masu shayin nan suna nan ba su mutu ba. Na ce to Baba, akwai wata da zan yi maka sabuwa, ka dawo ranar kasuwa da sassafe, ka zo da karnukan da farar singileti. Ya tambaya ina zan sami kaki. Na ce wannan matsalar tela ce.

Ba ni da kaki ko na toshe kunne. Abin da na yi, na farke wuyan ta ƙuryar na sa mata wani na jan yadi, na cire maɓallan roba na sa na ƙaho, na rage tsawonta zuwa gwiwarsa, na ɗora aljihu mai murfi a ƙirji. Guntun da na yanke a ƙasa shi na dafa na tatsi kakin da ke jikinsa, da shi na bi sababbin ɗinkin sau biyu. Na goge ta da dutse har ta ɗan yi haske. Ranar kasuwa ya zo, ya ɗaga ta, ya juya ta. Ya kalli ƙuryar da babu komai a rataye, ya kalle ni. Na kalli keke.

"Yauwa," in ji shi. "Yanzu na ga riga."

Na miƙa wa karnukan su shinshina. Duna ya kai harshe sau ɗaya, ya yi atishawa, ya koma bayan maigidansa yana goge baki a ƙasa. Sauran biyun ba su ko gwada ba.

Hantsi bai gama ɗagawa ba Ladidi ta iso. Gajeriya ce kakkaura, da mayafi a ɗaure a ƙugu, ta durƙusa ta gaida mahaifinta da ladabi kamar ba ita ta zo da mai keji ba. Shi kuwa mai kejin ya kafe babur ɗinsa a gindin darbejiyar can, yana warware igiya. Garin a lumshe yake, an kwana ana ruwa, iska mai sanyi tana kaɗawa. Ta gaishe ni ta ce Malam Sale, ba rigima ta kawo ta ba, amma ita ta san abin da ta gani bara, ita ta riƙa juya shi a shimfiɗa kamar jariri, ba za ta sake zuba ido ba saboda karnuka. Gaskiya ta faɗa.

Na ce mata ta yi daidai, amma shagon nan yana da al'ada, na bayyana mata gwajin bula da wanda ke zuba ruwa. Na ce ga bokiti, ga benci, ke ce mai jinya. In kika ga ɗigon shuɗi ko ɗaya a singiletinsa, ni da kaina zan miƙa igiyar. In babu, ki bar masa abinsa. Ta dubi rigar. Ta ce bokiti biyu. Na ce biyu. Ta ce ita za ta jiƙa bular da hannunta. Ta juye ƙulli guda cur, ruwan ya koma kamar na marina.

Kafin a ce haka kasuwa ta taru. Tanko ma ya bar teburinsa, karo na farko da ya ga kare bai ɗauki sanda ba. Baba Nomau, wanda ya ce ba za a yi masa wanka a kasuwa ba, ya tsaya a tsakiyar fili ƙiƙam, igiyoyi uku a hannun dama, ya ɗaga haɓa kamar za a ɗauke shi hoto. Ladidi ta hau benci. Ba ta kwarara a ka kamar yadda kowa ke yi ba, a hankali ta riƙa tsiyayawa, tana bin wuya, tana bin kafaɗa, tana bin layin ɗinki ɗaya bayan ɗaya. Na ce a raina yarinyar nan da ta yi tela. Bokiti na biyu kuwa ta ce ya ɗaga hannu, ta watsa masa ta gefe da ƙarfinta, yadda ruwa mai iska ke yi. Duna da Durwa suka yi tsalle gefe. Alli ita kuma ta ga mafaka, ta shige tsakanin ƙafafunsa, duk abin da ya gangaro daga rigar a kanta ya ƙare.

Ladidi ta sauko ta ɓalle maɓallan da kanta. Ta buɗe rigar. Singiletin a jiƙe take sharkaf, ƙirji da ciki, ta manne masa a haƙarƙari.

Na fara lissafin wane ɗinki na tsallake. Mai keji ya taho da igiyarsa. Ladidi ta ɗaga masa hannu ya tsaya. Ta sunkuya ta duba ƙirjin, ta zagaya ta ɗaga rigar ta duba baya, ta duba hammata. Fara ce fat, babu shuɗi ko na ƙwayar gero. Ta ɗora tafin hannunta a ƙirjinsa ta ji ɗumi. Gumi ne. Mutumin da ya yi shekaru yana tarar garken birai shi kaɗai, shi ne ya jiƙe da gumi a wannan sanyin saboda bokitin 'yarsa. Ya ƙara matse igiyoyin a hannunsa.

"Zafi ake yi yau," in ji Baba Nomau, yana kallon sama.

Kowa a wurin a takure yake don sanyi, amma ba wanda ya yi dariya, har masu shayi. Ladidi ta daɗe tana kallon hannun nan. Sannan ta juya ta ce wa mai keji ya yi haƙuri, an fasa, za ta ba shi kuɗin mai. Mutumin ya leƙa ƙarƙashin rigar ya ga Alli ta fito shuɗiya tun daga kunne har wutsiya, tana kakkaɓe jiki tana fesa wa mutane. Ya ce dama ko kyauta aka ba shi wannan ba zai ɗauka ba, ba wanda zai saya. Nan ne dariyar ta ɓarke, Tanko har da zama a ƙasa. Bular ba ta bar jikinta ba sai da kaka, sunan kuma bai bar ta ba har ta mutu. Bula ake ce mata, ta kuma amsa.

Ladidi ba ta yi dariya ba. Ta ciro tsumma daga jakarta ta goge wa mahaifinta ƙirji, ta mayar da maɓallan ɗaya bayan ɗaya har na maƙogwaro, ta ja bakin hannun ta ɗaure masa tam.

"Baba, a riƙa rufe wuyan," ta ce. "Kuma a gaya wa Iya ba a wanke ta."

To kai mai jar hula, ɗaga kanka ka dubi ƙuryar can. Ka ga mai jan wuyan nan? Ita ce. Duk farkon damina sai ta dawo a sabunta mata kaki, kuma ba a aiko kowa da ita, Ladidi ce ke biyawa ta Burumburum ta ɗauko ta ta kawo da kanta. Shekaranjiya ta kawo ta. Baba Nomau yanzu ba ya kaiwa gindin dutse, iyakarsa gonar bayan gari, shi da jikokin Bula guda biyu, yana tafe suna jiransa. Ta ce in ƙara kaki a kafaɗar dama, nan igiya ke goga, kuma in gama kafin ranar kasuwa don hadari ya fara haɗuwa. Kakin da zan yi aikin da shi ga shi can a kwano, sau ɗaya aka dafa shi. Tashi ka ɗebo ruwa ka hura garwashi, in ya daskare ka kawo mini in tauna.